Simintin da Shugaba Ya Zuba

Gadar ta girmi Shugaba da kaɗan. Kafin ita kwalekwale ake shiga, daga baya aka yi ta katako, ruwa ya tafi da ita wata damina, sannan aka kafa wannan ta ƙarfe da kankare. Mahaifinsa ya yi dakon yashi a aikin. Shi kuwa a kanta ya koyi tuƙi, ya tsufa yana haye ta, har direbobin tashar bakin kogi suka ɗora shi a kan kujerar shugabancinsu.

A tsakiyar gadar akwai tsaga da ta ratsa titi daga gefe zuwa gefe. Da can ƙarfe ne ya rufe ta, ɓarayi suka ɓalle shi. Wata safiya tayar babur ta faɗa ciki, mai babur ɗin bai tashi ba. Aka kai kuka ma'aikatar ayyuka, shiru. Shugaba ya tara direbobi, suka kwaɓa siminti da tsakuwa, suka cike tsagar tam. Tun daga nan mota ke wucewa sumul, jama'a na sa masa albarka.

Autarsa injiniya ce a wannan ma'aikata. Wata rana da hantsi ta same shi a rumfar tasha, takalmanta duk laka.

"Baba, zo ka ga wani abu."

Dogo, direban bas da bakinsa ba ya hutawa, ya ce, "Injiniya, yau gada za ki yi wa allura?"

Ta gangara da mahaifinta ƙarƙashin gada, ta nuna masa wuyan ginshiƙin tsakiya. Ya dare, ɓarɓashin kankare ya zubo, rodi ya leƙo.

"Tsagar nan da gangan aka bar ta, Baba. In rana ta yi zafi gada miƙewa take yi, in an yi sanyi ta tsuke. Kun toshe mata wurin miƙewa, shi ne take tura kanta tana fasa ginshiƙi."

"To da sai mu bar ta ta ci wani?"

"Ban ce kun yi mugunta ba."

"Mutanenku fa?"

"Na faɗa musu. Sun ce sai bayan damina, amma in akwai masu tonewa in tsaya a kansu. Zafin bana ba zai jira ba."

Shugaba ya daɗe yana kallon ginshiƙin. Motoci na gurnani a bisa kansa, cikinsu har da bas-bas ɗin yaransa maƙil da fasinja. Mutum ɗaya, mai babur ɗin nan, ya gani kwance a titi da idonsa. Waɗannan kuwa ba wanda ya mutu tukuna, kuma in ya buɗe tsagar wani ya sake faɗawa, hannunsa ne ya buɗe. Ya juya abin ta kowane gefe, bai samu inda zai fita da tsabta ba.

Ya hau ya tara direbobi a rumfa ya faɗa musu.

Dogo ya ce, "Mu cike, mu tone. Gobe kuma a ce mu matsar da kogin?"

Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, in wani ya faɗa, wa za a tsine wa?"

"Ni. Rabin hanya za mu fara. Mai walda zai yanka mana murfi, a ɗaure shi gefe guda kawai, ɗayan ya riƙa zamewa. Haka ne, Auta?"

"Haka ne, Baba."

"Kafin ya gama, ni zan zauna a wurin da jan ƙyalle."

Washegari suka tare rabin gada da tayoyi. Cunkoso ya kai har kasuwa. Wata mata ta leƙo daga tasi ta ce, "Dattijo, abin arziki ɗaya da aka yi mana shi za ka fasa? Allah ya isa."

Shugaba bai ɗago ba. Ya ɗaga guduma ya sauke. Simintin ko gezau, sai zogi da ya bi masa kafaɗa. Ya sake, ya sake, da ƙyar ɗan gutsure ya fita.

"Dogo, wa ya kwaɓa wannan?"

"Kai ka ce kada a yi rowar siminti."

"To kawo diga, ka tsaya nan kusa da ni."

Dogo ya yi tsaki, ya tuɓe riga ya rataye a ƙarfen gada.