Kwatar Ƙofar Gidana

Ranar da aka gama kwatar layinmu har tafi mutane suka yi. Shekara da shekaru ruwan sama na shigar mana ɗakuna, sai ga shi an haƙa magudana hagu da dama, an zuba kankare, zurfinta ya kai ƙugun babban mutum. Ni ma na yi murna, har zuwa safiyar da na turo kekena bakin ƙofa zan tafi shago, na ga abin da aka bar mini na tsallakawa. Katako ne ƙwaya ɗaya, faɗinsa bai fi taƙi biyu ba.

Tun ina shekara huɗu shan inna ya taɓa mini ƙafafu. Gyaran waya nake yi a wani ɗan shago a bakin titi, shi ya sa duk layin ake ce mini Injiniya. Mijina direban babbar mota ne, a lokacin yana kan hanya. Daga ni sai Goggo, ƙanwar mahaifina, muke gidan.

Maza huɗu ne suka taimaka a ranar. Suka kama keken ina ciki, suka ɗaga, a tsakiyar kwatar ƙafar ɗaya ta goce, na karkata har ina hango ruwan ƙasa. Na riƙe wuyan rigar wani kamar mai nutsewa.

"Kai, Injiniya, ashe haka kike da nauyi!" in ji shi, duk suka kwashe da dariya.

Ba da mugunta suka yi ba, na sani. Amma shekarata talatin da shida, tun ina budurwa nake fita da kaina in dawo da kaina. Da suka dire ni na yi musu godiya, a raina kuma na rantse ba mai sake cicciɓata kamar buhu.

Da yamma na tsaya wurin shugaban kwamitin layi. Abokin marigayi mahaifina ne, Baba Ciyaman muke ce masa. Na tarar da shi a ƙofar gidansa, inda aka shimfiɗa murfin kankare mai faɗi, motarsa na hawa tana sauka ba ko gargada.

"Baba, ni ba a sa mini murfi ba."

"Ai 'yata, murfin na gidajen da ke da mota ne. Haka aka tsara."

"To ai ni ma da taya nake fita."

Ya yi dariya ya ce ban rabu da barkwanci ba, halin ubana. Ya ce in yi haƙuri, layin nan ba a rasa majiya ƙarfi ba, duk lokacin da zan fita in yi kira kawai.

"In kuma gobara ta tashi ba kowa a kusa fa, Baba?"

"Ki daina mugun fata."

A daren ban shiga gida ba sai da na kira mai walda na bayan shagona. Ya zo da faffaɗan ƙarfe mai raga, ya gitta a kan kwatar, ya gwada shi da tsalle. Kwana uku ina shiga ina fita lafiya. A rana ta huɗu na dawo cin abincin rana, na tarar ba ƙarfe. Goggo na tsaye a ƙofa tana murza hannu.

"'Yan kwamiti ne suka ɗauke. Wai doka ce, kada kowa ya sa komai a kan kwata, zai hana yashewa. Bari in kira yaran maƙwabta su shigo da ke."

"Kada ki kira kowa, Goggo."

"To a waje za ki kwana?"

Na juya keken. Da ɗan sauran aikin kwatar a can ƙarshen layin, kuma akwai wata matsattsiyar kwana da aka jibge yashi a gefe, mota ɗaya kawai ke iya wucewa. Nan na je na tsaya a tsakiya, na ja birki, na buɗe lema.

Ba a yi minti goma ba sai ga tifa cike da tsakuwa. Direban ya danna oda har kunnena ya yi ɗumm. Ya leƙo.

"Hajiya, matsa mana!"

"In matsa ina? An cire mini hanyar gida. Nan ne ya rage."

Ya sauko da faɗa, da ya ji bayani sai ya kashe mota ya koma inuwa. Ya ce shi ba ruwansa, ai ba shi ya ɗauki kwangila ba.

Mutane suka fara taruwa. Wasu na cewa Injiniya ta cika taurin kai, wasu na cewa a ƙyale ta. Goggo ta zo da ruwa a kofi tana raɗa mini, "Kin tara mana jama'a, wallahi kunya kamar in nutse." Na sha ruwan na miƙa mata kofin.

Sai na ji ƙwas ƙwas na sanda. Malam ne, tsohon malamin makaranta da idonsa ya rufe shekara takwas da suka wuce. Yana riƙe da kujerar roba a hannu ɗaya. Ya lalubo inda nake, ya ajiye ta, ya zauna, ya ja wandonsa sama. Ƙaurinsa a ɗaye yake tun daga gwiwa.

"Jiya na faɗa," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Ban faɗa wa kowa ba, don kada a ce in daina fita."

Bayansa matar mai wanki ta zo, wadda mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ta ce sati guda ke nan ba su je asibiti an gasa masa jiki ba. Wata mai tsohon ciki ma ta zo ta tsaya a bayana.

Baba Ciyaman ya iso yana huci, babban maginin aikin na biye da shi.

"Yanzu ni za ki kunyata? Ni da na goya ki?"

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Shi ya riƙa kai ni asibiti ina ƙarama.

"Ka goya ni ina yarinya, Baba, Allah ya saka. Yanzu na girma. Hanya nake nema, ba goyo ba."

"Doka ce ta kwamiti!"

"Wa ke cikin kwamitin? Ku bakwai, shida na da mota. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba wanda ya tambaye mu."

Ya ce in tashi a yi magana a tsanake. Malam ya ce, "Ai da tana iya tashi da ba mu zo nan ba." Wurin ya ɓarke da dariya, har direban tifa. Baba Ciyaman bai yi ba.

Maginin ne ya raba gardama. Siminti na bushe masa a can, ya ce murfi mai ɗagawa ba ya hana yashe kwata, kuma allunan zubin kankaren suna nan, bai cire ba. Ya ce a faɗa masa gida nawa ne. Nan take muka lissafa, gida goma sha ɗaya. Aka aika aka dawo da ƙarfena. Sai da na ga an gitta shi da idona sannan na saki birki.

Cikin sati biyu aka zuba murfi bakwai, sai aikin ya tsaya, wai kaya sun ƙare. Baba Ciyaman ya daina amsa gaisuwata, duk da ban daina gaishe shi ba. Gidana na cikin bakwai ɗin, kuma Goggo ta ce tunda na samu nawa in rufa wa kaina asiri.

Na aika wa kwamiti takarda cewa saura gida huɗu, in ba a fara ba zuwa Litinin, za su same ni a kwana. Litinin da hantsi na fito. Mutum tara na tarar a wurin, har da matar Baba Ciyaman, wadda ciwon gwiwa ke damunta, ta kawar da kai kamar iska ta fito sha.