Allon Ya Ƙi Kawowa

"Sake kunnawa," in ji Injiniya.

Auta ya danna. Fankoki suka tashi a cikin kwamfutar, fitilu ja da shuɗi suka kama, amma allon ya tsaya baƙi ƙirin. Wani ɗan rubutu ya leƙo ya ce babu sigina, ya tafi abinsa.

Injiniya ba injiniya ba ne. Tarihi ya karanta a jami'a, amma tun da ya taɓa gyara wa wata maƙwabciya rimot sunan ya bi shi, shi kuma bai ga dalilin musantawa ba. Shi ya sa da rana tsaka Auta ya buga masa ƙofa, ya ce babansa, tsohon maƙwabcin nan da ake kira Mai Taswira, yana son ganin 'yarsa, kwamfuta ta ƙi.

Tsohon yana kwance a bayansu. An jawo gadonsa gaban tebur tun lokacin da likita ya daina rubuta sabon magani. Idanunsa sun yi rauni, a waya fuskar 'yar tasa ba ta wuce tabo ba. A wannan babban allon da ya yi shekaru yana zana tituna a kai ne kaɗai yake iya rarrabe hancinta da bakinta. Tana can nesa, ta haihu, an hana ta tafiya. Yau ta yi alkawarin nuna masa jaririn.

"Jiya lafiya lau take aiki," in ji Injiniya. "Me ka taɓa?"

"Kati kawai na sa, Kawu. Na hoto. Don Baba ya gani tar."

Injiniya ya dubi kwalin katin a ƙasa: hoton wani ƙato da bindiga, mota tana ci da wuta, irin na wasannin kwamfuta. Ya gane kwamfutar ta riga ta sami magaji, kuma magajin ya fara gyaran gida tun mai gidan bai fita ba.

Suka zare katin, Injiniya ya hura bakinsa, suka mayar har ya ce ƙas. Babu komai. Suka duba wayar da ke ba shi wuta, suka sauya soket. Wayar Auta ta yi ƙara, ya sa a sifika.

"Auta, wai me ake ciki? Na yi masa wanka, na shirya shi, zai yi barci fa."

"Yaya, ki yi haƙuri, ƙwararre na kawo."

"Ku cire abin," in ji tsohon. Muryar kamar ana jan takarda a kan siminti. "Ku mayar yadda take."

"Baba, ka huta," in ji Auta. "Wannan ba aikin zamaninku ba ne."

Injiniya ya san maganar tsohon ita ce daidai. A cire katin, hoto ya dawo. To amma in haka ne, me aka kira shi ya yi? Ya tura hannu cikin akwatin kwamfutar ya ce, "Yanzun nan, Baba. Ai mun kusa."

Baƙin allo madubi ne mai kyau. A ciki yana ganin kansa, da sukuru a tsakanin leɓɓansa, da gadon a bayansa. Ya ga hannun tsohon ya ɗago daga bargo, yatsun suna motsi kamar mai tsayar da mota. Ruwa yake so, watakila. Ko a gyara masa filo. Injiniya ya yi niyyar juyawa da zarar ya ɗaure sukurun. Hannun ya ɗan jima a sama, sannan ya sauka.

Da ya leƙa bayan akwatin ne ya gani. Kebul ɗin allon yana nan a tsohon raminsa na sama, sabon katin kuwa yana ƙasa, ramukansa ko murfin roba ba a cire musu ba.

"Kai, Auta! Wa ya haife ka?" Ya yi dariya, ya zare kebul ɗin ya soka a katin.

Allon ya kawo, haske ya cika ɗakin. Auta ya tafa, ya kira yayarsa. Fuskarta ta bayyana, babba, kowane gashin gira a fili. Lallai katin yana da kyau. Ta ɗaga jaririn.

"Baba! Ga mai sunanka. Baba? Ku matsa mana, kun tare shi!"

Suka matsa. Tabarau yana nan a fuskar tsohon, bakinsa a ɗan buɗe, bargon ba ya motsi.

Auta ya tsaya kallonsa. Sai ya miƙa hannu ya katse kiran.

"Zan ce mata intanet ne," ya ce. Ya share hanci da bayan hannu, ya dubi ƙofa. "Kawu, kama mini mu kai kwamfutar ɗakina kafin dangi su cika gidan. Ka san halin mutane."

Injiniya ne ya ɗauki allon, don ya fi sanin yadda ake riƙe shi. Da ya dawo ya cire wa tsohon tabarau, ya rufe masa idanu, ya rasa inda zai ajiye tabaran. Ya ɗora shi a tsakiyar teburin, inda katakon ke da ɗumi har yanzu.