Ƙasar Gindin Katanga

"Kada ki tsaya, Traudel, tura kawai," in ji Ottilie, alhali tayar keken guragun da take kai ta riga ta nutse cikin laka.

Na tura ina haki. Ni ma ba yarinya ba ce, amma maƙwabciyata ta haura tamanin, kuma likita ya riga ya gaya mana abin da ya gaya mana game da zuciyarta. A cinyarta ta rungume wata tsohuwar kwalbar jam ɗin shafa wa burodi da ta wanke, da cokali a ciki.

Fari ne ya janye ruwan tafkin madatsarmu a shekarar, har tsohon garin Wennrode da ruwa ya binne ya fito fili: gadar dutse, tushen gidaje, da katangar maƙabarta. Nan aka haifi Ottilie, nan ta yi aure, kafin a gina madatsa a tashe su zuwa kan tudu. Ban taɓa jin ta zagi madatsar ba. Ta ga ambaliya ta tafi da shanun babanta, ta san dalilin da ya sa aka tare kogin. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Lokacin tashi an tone kaburbura an kai sabuwar maƙabarta, amma 'yarta ta fari, Liese, ta mutu ran da aka haife ta, ba a kai ga yi mata baftisma ba. A zamanin irin waɗannan jarirai a bayan katanga ake binne su, ba dutse ba suna. Wanda ba shi da dutse kuwa ba a kwashe shi ba. Abin da Ottilie ke so shi ne cikin kwalba na ƙasar wurin, a zuba mata a kabarinta.

Mutane kuwa kamar ana rabon kyauta, don an shirya biki a kangon garin. Masu kwale-kwalen shaƙatawa da suka rasa ruwa sun sauko da ƙafa, da gajerun wanduna da karnuka da kwalaben giya. Wani ƙato ya kwanta a kan dakalin coci yana shan rana da tumbi a waje. Na ga wata mata tana ɓanɓarar tayil daga wani tushen gida tana cusawa a jaka, ko kunya babu.

"Can, bayan kwanar," in ji Ottilie. "Inda katangar ta lanƙwasa."

Warin ne ya fara tarar mu. Daidai inda ta nuna, an shimfiɗa katakai an kafa rumfar gasa tsiren alade, saboda katangar tana tare iska. Bokitin da suke juye ragowar mai yana jingine a gindinta.

Ottilie ta ƙara matse kwalbar.

Sai ga Volkmar Siebert, shugaban ƙungiyar tarihin garinmu, da hular kakanni da ya sayo a kanti da lasifika a hannu, yana jan ayarin baƙi. Mutumin da aka haifa a birni, ya zo mana bayan ya yi ritaya, amma yanzu shi ke koya mana inda muka fito.

"Frau Brandau. Kai, yau mun yi sa'a," ya ce wa Ottilie, sannan ya ɗaga lasifika. "Jama'a, ga 'yar asalin garin nan, da ranta. Ku matso ku ɗauki hoto."

"Herr Siebert, ajiye wannan abin mu yi magana," na ce. Na ja shi gefe na yi masa bayani a hankali, na ce katako biyu kawai za a ɗaga, mu ɗebi ƙasa mu tafi.

Ya yi murmushin da ake yi wa mara hankali. "Ai duk kaburbura an kwashe, kowa ya sani. Kuma ga tukunyar gas a haɗe, ga layi. Sai an tashi daga biki. Ban da haka ma, doka ta hana ɗaukar komai daga nan, kayan tarihi ne."

"Waccan mai jakar fa? Tayil ɗin kakarta ne?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya durƙusa gaban Ottilie ya kanga mata lasifika a baki. "Ku gaya wa baƙinmu, me kuke ji da kuka dawo gida?"

Ta dube shi, ta dubi mai gasa tsiren da ke tsaye a kan katakan.

"Malam, ka ɗan matsa," ta ce, muryarta ta fita har gada. "A kan 'yata kake tsaye."

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka wasan tsofaffi ne. Volkmar ya kashe lasifika ya ce zafin rana ne. Mai gasa tsiren, don ya nuna shi mutumin kirki ne, ya naɗe tsire a burodi ya miƙo mata, wai kyauta. Na juya keken ban karɓa ba.

Daga ranar Ottilie ba ta sake sauka daga gado ba. Kullum na kai mata miyar dankali sai ta tambaye ni ko sun tashi. Bikin da aka ce na ƙarshen mako ne suka yi ta ƙara masa kwana, tunda ciniki ya yi daɗi. Na je da sassafe don in ɗaga katakan da kaina, na tarar an ɗaure su da sarƙa.

"Kada ki ɓata ranki," ta ce da na dawo. "Liese ta saba jira. Ni ce dai ban da lokaci."

Wata rana da hantsi ta rasu, ina shanya mata zannuwan gado a bayan gida. Da na shigo kwalbar na nan a kan teburin gefenta, babu komai a ciki sai cokali.

Washegari sama ta ɓalle da ruwa. Masu kula da madatsa suka rufe ƙofofi don kada kogi ya cinye garuruwan ƙasa, aikinsu ke nan. Abin da roƙon tsohuwa bai yi ba ruwa ya yi shi kafin azahar: suka kwashe rumfa suka gudu, suka bar mana shararsu. Na sa takalmin roba na sauka. Ruwa ya riga ya shanye gada, yana lasar katanga. Na ture bokitin mai da ƙafa, na durƙusa, na yi ta tono da cokali har na wuce inda maiƙo ya jiƙa. Duk da haka da na ɗaga kwalbar ina jin warin.

A wurin jana'iza Volkmar ne ya nemi yin jawabi, aka kuma ba shi. Ya ce garinmu ya yi rashin taskar tarihi, har da share ido. Na kafa idona a kan takalmina don kada in tofa masa.

Da aka zo zuba ƙasa, kowa ya bi layi yana ɗiba da ƙaramin shebur yana watsawa a kan akwatin. Da layi ya zo kaina na ajiye shebur, na buɗe jakata na ciro kwalbar. Limamin coci ya dubi kwalbar, ya dube ni, ya kawar da kai. Na tsince wani murfin giya da ya biyo ƙasar na sa a aljihu, sannan na sunkuya sosai na juye ƙasar don kada ta watse.

Ƙasar a jiƙe take, ba ta yi ƙara ba. Ta zauna a dunƙule a gefen hagu na akwatin, daidai inda hannun Ottilie ya lanƙwasa, inda uwa ke kwantar da jariri.