Ta'aziyyar Kambai

Gidan da aka yi rasuwa daga bakin ƙofa ake gane shi. Takalma za ka gani birjik, na maza da na mata, wani kan wani, sai ka tsallaka kafin ka samu wurin cire naka. A ƙofar Muntaka kuwa, a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Takoma Park a Amurka, ƙafa biyu ne kacal: silifas ɗinsa, da fararen takalman aiki na Kambai, igiyarsu a kwance yadda mai su ya bar ta ranar Laraba.

Kambai mutumin Zonkwa ne, Kirista, ma'aikacin jinya a wani asibiti a Largo. Ran nan ya dawo daga aiki da la'asar, ya cire takalmi, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya zauna a kujera. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Shekara goma sha ɗaya suna tare, tukunya ɗaya, gado ɗaya. Amma abin da duniya ta sani shi ne abokin haya ne. Mutanen cocinsa suka zo suka karɓi gawa, suna shirin kai ta gida, suka yi ta gode wa Muntaka, wai samun abokin zama mai kirki irinsa sai an tona. Ya amsa godiyar, ya raka su har mota.

Washegari ya tafi aiki. To, da me zai ce? Shekararsa goma sha tara a sashen Hausa na wani gidan rediyo a Washington, muryarsa ba inda ba ta kai ba, daga Sakkwato zuwa Agadas har zangon Kumasi. Ya zauna ya karanta labarin ambaliyar da ta ci ƙauyuka, muryar nan ko gezau ba ta yi ba. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska, shi kuwa aikinsa ba ya buƙatar fuska.

Bara, da mijin Hajiya Rumasa'u, shugabar sashen, ya rasu, kaf ɗinsu suka ɗunguma gidanta a Beltsville. Kwana uku ana zaune a kan darduma, ana shigowa ana fita, ana "ya haƙuri". Muntaka da kansa ya yi jigilar ruwan sha, shi ne kuma ya karanta sanarwar rasuwar a rediyo. Shi yau kwanansa huɗu, ko mutum ɗaya bai ce masa sannu ba. Abin yana cin sa, yana cin sa ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa laifi.

Ranar ta huɗu ta zo daidai da Babbar Sallah. Ya je idi da safe, ya dawo ya sa farar shadda, wadda Kambai ya goge masa tun makon jiya ya rataye, ya kama hanyar ofis.

A zauren gidan rediyon akwai wani babban allo. Duk watan Yuni sai a liƙa hotunan ma'aikatan da suka fito fili suka ce jinsinsu suke so, kowa da sunansa da aikinsa a ƙasa. Bana na tsakiya Bartholomew ne, ɗan Jos, mai gabatar da shiri a sashen Turanci, ya dafa kafaɗar mijinsa yana dariya. 'Yan sashen Hausa in za su wuce sai su kau da kai suna a'uzubillahi, wani ya jefa baƙar magana a kwashe da dariya. Muntaka ma yakan dara, wani lokaci har ya fi kowa. Shekara da shekaru in ya hango Bartholomew a bakin lif, sai ya bi matakala.

Ya taɓa nuna wa Kambai hoton allon a waya. Kambai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka ga wannan, shi ya samu fuska. Kai murya kawai gare ka, mutumina."

Yau bai ankara ba. Ƙofar lif na shirin rufewa wani hannu ya tare ta, sai ga Bartholomew, su biyu rak. Muntaka ya kafa wa lambobin hawa ido.

"Malam Muntaka," in ji Bartholomew, da Hausarsa ta mutanen Jos. "Ya haƙuri?"

Muntaka ya juyo. "Na me fa?"

"Na Kambai. Cocinmu ɗaya. Bai taɓa gaya mini komai ba, kada ka ga laifinsa. Amma ko ana tsakiyar cin abinci, da an ji muryarka a wayarsa sai ya ce kowa ya yi shiru. Ina da ido, Malam."

Kwana huɗu yana jiran wannan tambaya, ga ta ta fito daga bakin mutumin da ya fi gudu a duniya. Ya so ya riƙe hannunsa. Wallahi ya so. Sai lif ya tsaya, ƙofa ta buɗe, ya hango Abdul-Nasir, abokin aikinsa, tafe da faranti a hannu. Muntaka ya yi wuf ya fita, ko waiwaye bai yi ba, yana cewa da ƙarfi, "A'a, ango! Barka da Sallah!" Kunyar abin da ya yi ta bi shi har kujerarsa.

Sashen ya cika da ƙamshin soyayyen nama. Hajiya Rumasa'u ta kawo kula guda, tana rabawa tana tsiya.

"Malam Muntaka, tuzurun sashe, matso ka ci. Wa zai soya maka in ba mu ba? Kai, wannan shadda ta sha guga! Ko dai an samu ne ba mu da labari?"

"Ina fa, Hajiya," ya ce. Ya ɗauki tsoka ɗaya ya riƙe.

Suna da wata al'ada a sashen, ta girmi zuwan Muntaka. Ranar Sallah, minti biyar na ƙarshen shirin da ake ji da dare a gida, ma'aikata ke rabawa su gai da nasu. Kuma gaisuwar tana da tsari, ba a saɓa shi: a fara da iyaye, sai iyali, sannan abokan arziki. Masu sauraro sun haddace. A nan ake jin wanda ya yi aure, da wanda aka yi wa haihuwa, da wanda ya ƙara. Shekara goma sha tara Muntaka yana gai da mahaifiyarsa, Inna Atine, a Funtuwa, ya tsallake gurbin tsakiya, ya dira kan abokan arziki.

Kambai ba ya taɓa bari gaisuwar nan ta wuce shi. Da Muntaka ya dawo sai ya tare shi a ƙofa da ludayi a hannu. "Sannu da zuwa! Mu ne abokan arziki, ko? To, Allah ya bar arziki." Su yi dariya. Sau ɗaya ne, Sallar bara, bai yi dariya ba. Ya ce, "Wata rana dai ka faɗi sunana, Muntaka. Ko da kuskure ne."

Ƙarfe huɗu saura minti biyar agogon Washington, tara saura biyar a Funtuwa, suna zaune su uku a ɗakin watsa shiri, jar fitila a kunne. Muntaka ya san inda Inna take a wannan lokaci: kan tabarma a tsakar gida, rediyo a gefen kunnenta mai ji, jikoki da maƙwabta kewaye da ita, tana cewa a yi shiru ga ɗanta nan. Abin da take taƙama da shi ke nan a unguwa. Ya kuma san kalma ɗaya za ta iya raba ta da shi.

Abdul-Nasir ya fara. Ya gai da iyayensa, ya gai da amaryarsa har sau biyu, Hajiya tana masa dariya. Ta nuna Muntaka da biro.

"Ina gai da mahaifiyata, Hajiya Atine, a Funtuwa," ya ce. "Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana."

Nan ne yake tsallakewa. Ya dubi hannun rigarsa, karin gugar nan a miƙe sumul.

"Sai iyalina," ya ce. "Bana an yi mini rasuwa a gida. Kambai ya rasu ranar Laraba. Shekara goma sha ɗaya muna tare, ban taɓa gaishe shi a nan ba. Yau na gaishe shi."

Shiru a rediyo mugun abu ne, daƙiƙa biyu sai ka ce shekara. Abdul-Nasir ya saki baki. Hajiya Rumasa'u kuwa tsohuwar ma'aikaciya ce, ta ga jiya ta ga yau. Ta matso da bakinta kusa da makirfo, murya a sanyaye.

"Allahu akbar. Masu sauraro, wannan abokin hayar Malam Muntaka ne, wani bawan Allah ma'aikacin asibiti. Kun san zaman Turai, wanda kuke biyan haya tare shi ne danginka, shi ne iyalinka. Haƙƙin maƙwabtaka ke nan, ko da addini ya bambanta. Allah ya ba danginsa haƙuri. Ni kuma ina gai da mahaifina a Gwammaja..."

Ta yi gaisuwarta tsaf, ta rufe shiri a kan lokaci, aka saki kiɗa. Jar fitila ta mutu.

Abdul-Nasir ya sauke ajiyar zuciya. "Kai, Malam, ka tsorata ni! Ashe ɗan hayarka ne. Allah sarki. To, in za ka sa wani a ɗakin, akwai wani ƙanen matata da ke nema."

Hajiya ta ce ya je ya kwashe kular nama. Da ya fita, ta cire abin kunnenta ta ajiye, ba ta dubi Muntaka ba.

"Malam, baki shi ke yanka wuya. Ban tambaye ka komai ba, kuma ba zan tambaya ba. Amma mahaifiyarka tana da rai, sashen nan ma yana da masu sauraro. Mu ba sashen Turanci ba ne, ba mu da allo a zaure. Na rufa maka asiri, ka taya ni rufewa."

"Na gode, Hajiya," ya ce.

Har ga Allah taimakonsa ta yi, ya sani. Wannan ne ma ya fi yi masa ciwo. Shekara goma sha ɗaya yana tara ƙarfin faɗin magana ɗaya, ya faɗe ta, cikin daƙiƙa goma aka mayar da Kambai ɗan haya a kunnen mutum miliyan nawa.

Ya bi ta zaure zai fita. Bartholomew na nan a allo yana dariya. Muntaka ya ɗan tsaya, ya tuna ko lambar wayarsa ba shi da ita, ya wuce.

Rana ba ta faɗi ba ya iso gida. Yana laluben makulli, ƙafarsa kusa da fararen takalman, waya ta yi ƙara. Inna ce.

"Barka da Sallah, Inna. An yi Sallah lafiya?"

"Lafiya lau. Na ji ka." Ya ji ta ja ƙyauren ɗakinta, hayaniyar jikoki ta yi nisa. "Yaron nan da ke ɗaukar waya in ba ka kusa, mai tambayata ya ƙafa, wanda ya aiko mini da man zafi. Shi ne?"

"Shi ne, Inna."

Ta sassauta murya.

"Ƙanwarka Sadiyya ta ce matar nan ta rediyo ta gyara maganar, kowa a nan ya ɗauka yadda ta faɗa. Allah ya yi mata albarka. Kada ka sake, Muntaka. Ƙannenka suna gidajen mazansu, ni ma ina da sauran zama a garin nan. Ka ji ni?"

"Na ji, Inna."

"Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka ban tambaye ka ba, kada kuma ka faɗa mini. Amma ni na haife ka. Shekara nawa ina jin yadda kake jan numfashi kafin ka ce abokan arziki."

Ya jingina da ƙofa. Makullin ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba.

"Mutane sun zo maka?" ta tambaya.

Ya dubi bakin ƙofar. "Babu kowa, Inna."

"Ko mutum ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Innalillahi. Kwana huɗu." Ya ji tana gyara zama, gwiwarta mai ciwo tana sa ta nishi. "A tsaye kake?"

"A tsaye nake."

"To, zauna ƙasa. Ba a karɓar gaisuwa a tsaye."

Ya tattare farar shaddar, ya zauna a dandamalin ƙofa, tsakanin silifas ɗinsa da takalman Kambai.

"Na zauna."

"Muntaka," ta ce, "ya haƙuri?"

Ya buɗe baki zai amsa yadda ake amsawa. Muryar nan da ake ji daga Sakkwato har Kumasi ta ƙi fitowa. Inna Atine kuwa ba ta kashe wayar ba.