Ranar da Mai Aski Ya Kama Bakinsa

Duk layin an san Mai Aski da abu biyu: hannu mai kyau da baki marar birki. Rediyo ma ake ce masa. Sai ga shi da shekara hamsin da shida ya shiga ajin manya na safiyar Asabar a ɗakin karatu na gari, wai yana koyon falsafar Girkawan da. Aka yi ta dariya. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa.

Yana son karatun har ransa. Abin da ya fi kama shi, mutanen nan gwanayen lissafi ne da gardama, amma wasunsu da suka iso kan Ɗaya, tushen komai, sai suka ce nan harshe ya gaza, sai dai mutum ya wanke zuciya ya yi shiru. Malamar ajin ta ce an ruwaito wani malaminsu kan sa ɗalibi shirun shekaru kafin ya karɓe shi. Ita shirun wuni ɗaya ta nema, daga safe zuwa faɗuwar rana, ga duk mai son wucewa aji na gaba. Tana faɗa, ajin duka suka juyo suka kalle shi. Kallon nan ya yi masa ciwo.

Ranar Talata ya manna takarda a madubi: YAU BA MAGANA. Wani direba ya zauna ya shirga ƙarya kan wasan ƙwallo, Mai Aski ya haɗiye. Har rana ta karkata bai ce uffan ba, yana ta jin kansa a sama. Sai ga yayansa, tsohon magini, wanda tun suna yara bai taɓa raga masa ba.

"Kai Rediyo, batir ne ya mutu?" Ya karanta takardar da ƙyar, ya kwashe da dariya. "Wai karatun Girka! Mutumin da bai taɓa wuce tashar mota ba. Da furfurarka kana bin matattu suna koya maka bebantaka."

Amsa na bakin Mai Aski, shiryayya, mai zafi. Ya cije leɓe, ya ɗaura masa mayafi a wuya, ya kunna inji. Yaya ya zuba har ta ƙare masa. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar inji da gashi na zuba a ƙasa.

Can Yaya ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Likita ya ce idon nan na hagu ya tafi. Na daman ma yana bin sa. Sau uku ina zuwa in gaya maka, ba ka bar min ƙofa ba."

Mai Aski ya kashe injin. Kunya ta rufe shi, ga tausayi. Ya manta da aji, ya manta da Malama, ya buɗe baki.

"A'a." Yaya ya riƙe masa hannu. "Ka fara, ka ƙarasa. Ka ji ni, shi kawai nake nema."

Mai Aski ya ƙarasa askin a hankali da almakashi, yana share ido da gefen hannu. Ana cikin haka wani maƙwabci ya leƙo.

"Rediyo, yau wane labari?"

Yaya ya ɗago kai, mayafi a wuya, ya daka masa tsawa. "Zauna ka rufe mana baki. Ƙanena karatu yake yi."