Baƙin Man Motar Isaiah

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina kanikanci a Gumel, a gindin darbejiyar da ke bakin tasha. Dogo ake ce mini. Ba ni da gona, ba ni da shanu. Abin da nake da shi suna ne: mota ba ta taɓa fita daga hannuna da ciwon da ni na sa mata ba. Daga Sule Tankarkar har tsallaken iyaka an san haka.

A kakar 1996 Isaiah ya kawo mini motarsa. Malamin gona ne, mutumin Filato, ya shekara ashirin yana zaga ƙauyukanmu kafin ya yi ritaya. Bai koma gida ba. Ya haɗa abin da aka sallame shi da shi ya sayi akori-kura mai shan gas, 'yar Kwatano, don ya riƙa ɗauko riɗi daga Gagarawa zuwa kasuwar Maigatari. Ita ce abincin gidansa. Ta ci hanya sosai kafin ta zo hannunsa. Kuma ba ta da kuloci, giyarta da kanta take canzawa. Atomatik.

Ban taɓa buɗe irinta ba. Ban gaya masa ba.

Na zaro sandar awon man giya na shafa a yatsa. Man ya yi baƙi ƙirin, yana ƙauri kamar tuwon da ya kama tukunya. Na ce sai an canza. Isaiah ya ce abin da ya kawo shi ke nan, har ya sayo jan man da ake zuba mata daga Kano. Sai dai akwai wani direba a Maigatari, Hamma, wanda ya daɗe yana tuƙa wa Turawan aikin rijiya irin wannan mota a Damagaram. Hamma ya ce masa tsohuwar atomatik ba a juye mata mai gaba ɗaya. Wai a tsiyaye kaɗan a cika da sabo, a bar ta ta yi wata guda, a sake. Wai baƙin da ke cikin man nan garin jikinta ne da ta cinye, kuma da shi take samun abin riƙo.

Na tambaye shi ko Hamma bakanike ne. Ya ce direba ne. Na ce to.

"Malam Isaiah, in ka ga tuwo ya yi tsami, rabi kake zubarwa ka ƙara sabo a kai?"

Ya yi dariya ya ce shi bai san komai ba, yadda na gani. Ya miƙa mini makulli ya tafi.

Na yi aikin yadda na saba yi wa kowace giya. Na kwance kwanon da ke ƙasa na tsiyaye man a tsohuwar garwa. Na cire tiyo na tayar da inji har sauran da ke ciki ya fito tas. Na wanke kwanon da rariyarsa da kananzir, na shanya a rana, na mayar, na cika da jan mai. Da na zaro sanda, man ya fito ja wur kamar zoɓo. Na ji daɗin aikin.

Baƙin mai ba a zubar da shi a garinmu. Masu gini suna shafa wa azara don gara. Maƙwabcina Bappa, Bafulatani ne, abokin wasanmu Mangawa, yana rufa sabon zaure. Tun kafin garwar ta huce ya zo ya ɗauke ta, yana cewa yau dai Bamange ya yi abin kirki.

Ranar Laraba da hantsi Isaiah ya wuce ta gabana da matarsa Selina, za su Gagarawa. Ya danna mini ham. Motar tana tafiya lafiya.

Bayan azahar na gan shi ya sauko daga motar haya, ƙafarsa duk rairayi. Ya tsuguna ya gaishe ni tukuna, sannan ya ce sun yi lodin buhu goma sha huɗu. Sun baro Gagarawa Tasha kaɗan, motar ta fara wani abu. In ya taka, inji ya yi ta ihu amma taya ba ta amsawa. Da ta yi zafi ta tsaya cak. Ya bar Selina a wurin kayan. Gobe kasuwa.

Direbobin tasha sun taru suna ji. Kowa ya kawo tasa. Wani ya ce motar Kwatano haka take, kwalliya a waje ciki ruɓaɓɓe. Wani ya ce atomatik ba ta ƙasarmu ba ce. Ba wanda ya kalli hannuna. Isaiah kansa ya ce kwananta ne ya ƙare, an cuce shi tun wurin saye, ni dai na yi iyakar yina.

Da na yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Na yi shirun.

Na shiga rumfa kamar zan ɗauko sifana, na tsaya. Motar nan ta zo wurina da ƙafarta, tana ɗaukar kaya. Abu ɗaya ya canza a jikinta. Na san abin, domin ni na canza shi. Na tuna yadda baƙin man ya yi gurzi-gurzi a yatsana, da yadda sabon yake zamewa.

Na ce wa Isaiah ya jira ni. Na nufi gidan Bappa.

Na same shi a bakin zaure da magina uku, yana shafa man da tsumma a kan sanda. Ya cinye wajen kashi ɗaya cikin uku. Na ce ya ba ni garwata.

"Kai, Dogo. Yau kuma kyauta ake biyo sawu? Ko miya za a yi da shi a gidanka?"

Magina suka bushe da dariya. Na ce ina da bukata. Ya sa ƙafa ya tare garwar, ya ce ba zai bayar ba sai na faɗi bukatar, domin shi bai taɓa ganin bakaniken da ke roƙon dattin da ya zubar ba. Wasa yake yi. Na san wasa ne, kuma na san in na tsawata zai sake ta.

"Mayar da shi zan yi inda na ciro shi," na ce. "Bai kamata in cire ba."

Bappa ya dube ni. Ya janye ƙafarsa. Ya matse tsumman a cikin garwar har ɗigo na ƙarshe, ya ɗauko ta da kansa ya kai mini bakin hanya.

Muka hau motar haya ni da Isaiah, garwar a tsakanin ƙafafuna. Ya tambayi abin da ke ciki. Na ce zai gani.

Mun sami motar a gefen hanya, kusa da wata gonar gero da aka girbe. Selina tana zaune a inuwar buhuna, ta lulluɓe kai da zane. Ta yi mini sannu da zuwa a taƙaice.

Na shiga ƙarƙashin mota na tsiyaye jan man a galan. Bai kwana uku a ciki ba, amma ya fara dusashewa. Na ciro ƙyallen da nake tace mai da shi na shimfiɗa a bakin mazurari. Hannuna ne ya yi haka da kansa, shekara arba'in yana yi. Har na ɗaga garwar na fasa. In na tace da ƙyalle, abin da nake nema shi zai tsaya a sama. Na tambayi Selina ko tana da rariyar tankaɗe. Tana da ita, ta riɗi. Ta ba ni ba da son ranta ba. Da ita na tare ƙaiƙayi da zaren tsumman Bappa, na bar baƙin ya wuce. Abin da ya rage na cika da ja.

Isaiah yana tsaye yana kallo. Ba wawa ba ne. Na ga lokacin da ya gane man, na ga kuma ya kawar da kai yana duban gona.

Ya tayar da inji, muka bar ta ta yi ɗumi. Ya sa giya. Ta yi jim, sannan ta girgiza ta ɗan motsa. Ya ƙara takawa, inji ya yi ihu, ta zame. Na ce a sauke kaya. Muka sauke buhu biyu, ta ƙi. Huɗu, ta yi kamar za ta tafi. Da muka sauke bakwai ta kama, ta yi gaba a hankali, ta canza giya ta biyu da ƙyar. Ya kai gindin wata tsamiya ya juyo.

Ya fito yana murna, yana cewa hannuna akwai albarka, na tayar da matacciya. Ya ce wa Selina ta gani, tsohuwar mota sai tsohon bakanike. Ya ce gobe zai ba da labari a Maigatari.

"In za ka bayar, ka bayar daidai," na ce. "Hamma ya faɗi gaskiya. Ban san irin motar nan ba, ban kuma gaya maka ba. Ni na ɓata ta."

"Baba, ai tsufa ne ya..."

"Da tsufanta ta zo tana ɗaukar sha huɗu. Yanzu bakwai take ɗauka. Ba na jin za ta koma yadda take."

Ya riƙa juya makulli a hannu. Ya so ya sake ba ni mafita, na gani a fuskarsa. Selina ce ta hana shi. Ta ce rana tana yi, ya kai bakwai ɗin Gumel ya dawo ya kwashi saura, kada ya yi gudu, kada ya kashe ta a hanya.

Ya ce in shiga gaba mu tafi. Na ce nauyina ya kai rabin buhu, gara a ɗora riɗi. Zan jira da kayan.

Ya tafi. Muna jin ƙarar motar har ta yi nisa, muna sauraron inda za ta canza giya. Ta canza. Na zauna a kan buhu, Selina a kan wani. Ta ɗauki rariyarta ta duba, ta ga ta tashi daga aiki, ta jefar cikin kara.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, sawu biyu kowace Laraba man gas biyu ke nan, kuma yara uku suna makaranta. Na ce na sani. Ta tambaye ni ko abin da na faɗa wa mijinta a nan, inda ba kowa sai ita da gona, zan iya faɗa a tasha.

Na ce gobe da safe, lokacin da direbobi suke shan shayi.

Ta kwance bakin zanenta ta ciro goro, ta raba biyu, ta ajiye mini rabi a kan buhu.