Baƙon da Ya Taso daga Dogon Dutsi

A Ɗan Kassari, zamanin da Nasara ke mulki, mata ba su kiran cutar ƙyanda da sunanta. Baƙon dauro ake ce mata, su kuwa sai su rage murya su ce baƙo kawai. Da wannan muryar aka gaya wa Kaltume a bakin rijiya cewa baƙo ya taso daga Dogon Dutsi yana bin ƙauyuka, har ya kwantar da yara da dama.

Ta san shi. Shekarar da aka tafi da mijinta aikin hanya, shi ya ɗauke mata ɗanta Issa. Lokacin maigari ya hana masu majinyaci zuwa rijiya da kasuwa, ita kuwa ba gari a ƙwarya, ba itace, ruwa rabin tulu. Yanzu Lantana kaɗai ta rage mata, ƴar shekara uku, kuma ta rantse ba za a sake samunta hannu wofi ba.

Matsalar ita ce mijin, Maikano. Mutum ne da ke kulle rumbu ya rataya makulli a wuya, hatsin yini ma sai ya tsaya an auna a gabansa. Akwai zuma a ɗakinsa cikin gora tun bara, shi kansa shinshinawa kawai yake yi. Amma yana da lagonsa. Ya taɓa ɗaukar wa kumandan, Baturen da ke mulki daga Dogon Dutsi, akwati na kwana biyu, ya dawo da kalma biyu ta Faransanci, kuma tun daga nan bai bar garin ya huta ba.

Ya tarar da ita tana shafe ɗakin baya.

"Mi aka yi, Kaltume?"

"Baƙo aka jira, maigida. Daga Dogon Dutsi ya taso."

Maikano ya gyara hula. "Daga Dogon Dutsi? Gidan wa za shi sauka?"

"Wa ya sani? An ce shi da kanshi ka zaɓen gida."

"Kumandan na," in ji shi. "Ya tuna da ni."

Kaltume ta buɗe baki za ta gyara masa, sai idonta ya sauka a kan makullin. Ta rufe bakin. Ai ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ita ta aike shi ba.

Rannan rumbu ya ga rana. Damin gero uku ya fito, ta surfa ta daka gari. Ta ce baƙon yana son kunun tsamiya, aka sayo tsamiya. Ta ce ba ya shan kunu sai da zuma. Maikano ya yamutsa fuska kamar an taka masa ƙafa, sannan ya miƙo gorar. Man shanu kuwa wajen Asiya Bafulatana ya samo shi da kansa. Ya yi sawu huɗu da jaki yana kawo itace, ya cika tuluna shida, yana tafe yana bitar Faransancin nasa, "wi, mushe", har jakin ya fara juyowa. Ita ta wanke tsofaffin zannuwa masu laushi, ta ninke su cikin kwando tare da sabulun salo, ta rufe da faifai.

Kwana uku Maikano yana zaune a ƙofar gida cikin babbar rigarsa, yana miƙewa duk lokacin da ya ji kofato. A na huɗu da hantsi Kaltume ta leƙo zaure.

"Maigida, ya iso."

"Ta ina? Ban ga doki ba."

"Taho ka gani."

A ɗakin baya Lantana na kwance bisa sabuwar tabarmar da ya saya wa kumandan. Jikinta zafi rau, idanu sun yi ja, ƙuraje sun feso bayan kunne. Maikano ya dubi yarinyar, ya dubi tulunan da itacen da kwandon. Kaltume ta jira faɗa, don ta san ta ci bashinsa. Tsoro ne ya cika ta, amma ba na faɗan ba.

"Wanga ne ya tahi da Issa?" ya tambaya.

"Shi na."

Ya tuɓe babbar rigar ya rataye. Ya cire makullin daga wuya ya sa mata a hannu, sannan ya durƙusa yana hura wuta, abin da ba ta taɓa ganin ya yi ba.

Kwana tara ba wanda ya fita gidan, kuma ba abin da ya yanke. Ta dama, ya fifita. A na goma zazzaɓi ya sauka, Lantana ta tashi zaune ta nuna gorar zuma da yatsa. Maikano ya karkata ta, ya girgiza, ko ɗigo.

"Baƙon ga ya cinye mu sarai," ya ce.

"Ya ci, ya sha," in ji Kaltume, tana shafa kan ɗiyarta. "Amma wannan karon shi kaɗai ya tahi."